Kwabo Mai Huji Da Rigimar Gado



A shekarun da muka yi muna riƙe da alƙalami a zauren Maigida a nan Kumasi, mun rubuta rabon gado mai yawa. Gida da fili da shago duk akwai waɗanda suka san yadda ake yi musu ƙima. Abin da ya fara ba mu wahala a 'yan shekarun nan shi ne ɗan gwangwanin nan da ake tararwa a ƙasan adakar tsohuwa bayan ta rasu, cike da kuɗin da aka daina karɓa tun magadanta suna goye, ko ma kafin a haife su. A da, yara ake miƙa wa su yi wasa. Yau kuwa yana neman raba zumunci.

Bara, bayan sadakar arba'in ta wata dattijuwa, 'ya'yanta suka zo zaure da irin wannan gwangwani. Autansu ya gani a waya cewa kwabo mai huji na shekarar 1936 kuɗinsa ya isa sayen mota. Babbar yayarsu kuwa ta riga ta ɗebi wasu daga ciki ta ba wani mai yawon sayen tsofaffin ƙarafa, ya biya ta abin da bai wuce cefanen yini ba. Autan ya ce, "Baba, Yaya ta salwantar mana da gado." Maigida ya ce, "Zauna, ɗana. Malam, a juye a tabarma, a ƙirga, a rubuta." Da muka ƙirga, muka kuma tambayi yayar siffar abin da ta bayar, sai ta bayyana cewa dukansu biyu sun yi kuskure. Kwabban da autan yake ta kumfar baki a kansu ba su da wani kuɗin kirki. Abin da yayar ta bayar a banza, manyan farare guda uku masu hoton wata mace mai jiki, liyari ne na azurfa.

Matsayinmu a kan wannan al'amari shi ne kada a sayar da ko anini ɗaya daga irin wannan ajiya sai an san mene ne, an auna shi, an rubuta shi. Mafi yawansa ba zai azurta kowa ba, kuma gara a faɗa wa mutane wannan gaskiyar da wuri. Kaɗan daga cikinsa dukiya ce da shari'a ta rataya mata hukunci. Dukansa kuma yana ɗauke da labarin yadda muka zo ƙasar nan.

Mu fara da sanin abin da ke tabarmar. Kakanninmu fataken goro da suka bi hanyar Gwanja zuwa Salaga da wuri suka yi ciniki, ana ƙirga shi zambar-zambar, ana ɗaure dubu ashirin a keso. Sunan sidi da muke kashewa yau ma daga kalmar Akan ta wuri aka samo shi. Turawan Ingila suka fara buga wa Afirka ta Yamma kuɗinta a 1907, suka kafa hukumar kuɗi ɗaya a 1912 wadda ta haɗa Gwalkwas da Nijeriya da Saliyo da Gambiya. Shi ya sa anini da sisin kwabo da kwabo, da taro da sisi da sule da fataka, iri ɗaya ne a Kumasi da Kano. Ƙananan uku su ne masu huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida a baya, kuma an rubuta ƙimarsu da haruffan Larabci, domin masu mulkin sun san da wane rubutu 'yan kasuwar wancan zamani suke karatu. A 1958 Gana ta fitar da fam nata, tsabarsa da kan Kwame Nkrumah. Sidi ya zo a 1965, aka sake shi a 1967 bayan juyin mulki aka cire hoton, sannan a 2007 aka mayar da tsohon sidi dubu goma ya zama sidi ɗaya. Gwangwani guda yakan haɗa duk waɗannan zamunna.

To me ke sa tsohon kuɗi tsada? Masu tara shi suna duba ƙarancinsa, da lafiyar jikinsa, da yawan masu nemansa. Tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi. Ɗauki kwabon 1936 ɗin nan. Gaskiya ne yana ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila a watan Disamba na wannan shekara tun ba a naɗa masa kambi ba. Wannan labari ne ke ruɗin mutane. Amma an buga kwabon da yawan gaske, kuma mutane sun yi ta ɓoye shi saboda labarin, don haka har yau yana ko'ina, da araha. Farin da yake da shi ma ba na azurfa ba ne, haɗin jan ƙarfe ne da nikel. Sule da fataka masu hoton bishiyar kwakwar manja kuwa sai an duba shekara: na 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, daga baya aka koma tagulla mai ruwan ɗorawa. A wasu, idan ka ƙura ido za ka ga ɗan harafin H ko KN, alamar masana'antar da ta buga su a Birmingham, kuma wani lokaci wannan ɗan harafin tare da shekara shi ke raba na kowa-da-kowa da wanda ake nema.

Liyari ma yana da tasa yaudarar. Kusan kowanne da za ka gani an rubuta masa 1780, shekarar da Maria Theresa ta Ostiriya ta rasu, alhali an ci gaba da buga shi da wannan shekarar a Biyana, wasu lokuta a Landan da Rum da Bombay, har zuwa zamaninmu. Saboda haka kada wani ya ce maka naka ya haura shekara ɗari biyu don kawai ya karanta lamba. Darajarsa tana cikin nauyinsa: giram 28 ne, kimanin 23 daga ciki azurfa zalla. Wannan amincin nauyi ne ya sa ya yi tafiya daga Tarabulus zuwa Kano, daga Borno zuwa Sudan da Hijaz a ɗamarar alhazai masu tafiyar ƙasa, ya sa kuma iyayenmu mata suka riƙe shi a matsayin ajiya da ado. Wanda aka huda ko aka liƙa masa marataya ya rage daraja a wurin masu tarawa, amma azurfarsa tana nan, maƙerin zinariya zai ɗora ta a ma'auni ya faɗa maka.

Farashin da matasanmu suke gani a intanet kuwa, mafi yawansa abin da mai kaya ya yanka ne, ba abin da aka saya ba. Kowa yana iya sa wa akuyarsa kuɗin raƙumi. A nemi abin da aka biya a cinikin da ya faɗa, a tambayi mutum biyu ko uku waɗanda ba su san juna ba, kuma kada a ba kowa kuɗi wai don ya yi rajista ko ya kai wa wani Bature gwaji. Mai saye na gaskiya shi ke biya. Akwai kuma tsohuwar dabara: wani ya zo yana cigiyar kwabo kaza da kuɗi mai yawa, bayan kwana biyu abokinsa ya ɓullo da irinsa yana sayarwa da rahusa, ka saya don ka ci riba, ka nemi na farkon ka rasa. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da hana najashi, wato taya kaya da ƙarya don a ja wani ya faɗa. Wannan ɗan'uwansa ne.

Tun da magana ta zo kan fiƙihu, mu tuna cewa azurfa ba kamar sauran ƙarafa take ba. Idan za a musanya azurfa da azurfa, sai nauyi ya daidaita kuma hannu da hannu. Idan da sidi za a saya, a karɓa a majalisin ciniki, ban da bashi. Idan kuma ta shiga gado, ba mai ikon taɓa ta kafin rabo, balle idan akwai maraya a cikin magada. Yayar nan ba ta yi nufin cuta ba, tarkace ta ɗauka tana share ɗaki. Amma rashin sani ya fi dare duhu, kuma haƙƙin ƙannenta ya tafi tare da liyarin.

Ɓarnar da ta fi yawa, da hannunmu muke yin ta, da kyakkyawar niyya. Mutum ya ga tsaba ta yi duhu, sai ya samo toka da lemun tsami, ko yashi, ko man goge ƙarfe, ya dirje ta har ta yi ƙyalli. A wurin masana ya kashe ta, domin duhun nan na shekaru shi ne shaidar cewa ba a taɓa ta ba, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. A bar ta yadda take. A riƙe ta ta gefe, kada gumin yatsa ya hau fuskarta. A sa kowace a 'yar ambulan ta takarda, kada su riƙa gogar juna. Mu da ke ƙasar kurmi laima ce babbar abokiyar gabarmu: ita ke sa tsaba ta yi kore, ita ke sa takardar kuɗi ta yi fumfuna, gara da kyankyaso su ƙarasa. A ɗaga ajiyar daga ƙasa, a nisanta ta da bango mai jiƙa. Takardar kuɗi a shimfiɗa ta tsakanin fararen takardu, kada a ninke, kada a ɗaure da roba, kada a liƙe yagewarta da salatif, kada kuma a kai ta inda ake narka mata leda kamar katin shaida. Wadda aka yi wa haka ta gama yawo.

Wani zai ce, mutum yana fama da kuɗin makaranta da na asibiti, ku kuna ce masa ya adana kwabo? Maganarsa tana da ƙarfi, kuma ba mu hana kowa sayar da halalinsa ba. Wanda buƙata ta kama ya sayar da azurfarsa a kan nauyinta da farashin ranar, da shaidu. Abin da muke jayayya da shi shi ne a kwashe kwabbai da aninai a bayar a kan abin da ba zai sayi buhun gawayi ba, alhali amfaninsu a gida ya fi haka nesa.

Ga amfanin. Mu mutane ne da ake yawan tambaya daga ina muka zo, ko da kakan mutum a nan aka binne shi. Dattawanmu ba su manta da dokar korar baƙi ta 1969 a zamanin Busia ba, lokacin da gidaje da yawa na zango suka watse, takardu da hotuna suka salwanta. Ba mu ce kwabo zai tsaya wa kowa a ofishin katin ɗan ƙasa ba. Amma yaron da aka ɗora wa anini a tafin hannu, ya karanta Larabcin da ke jikinsa da bakinsa, aka ce masa da wannan kakarka ta sayar da koko a zangon nan tun ba a haifi ƙasar da sunan Gana ba, ya samu amsar da zai riƙe har ya tsufa. Sai dai tsaba ba ta magana. Idan ba a rubuta mai ita da inda ta samo ta ba, ƙarfe ce kawai irin na kowa.

Don haka muke roƙon kowane gida da ke da tsohuwa ko tsoho mai irin wannan ajiya, a zauna da su tun suna raye. A tambaye su wannan na wane ne, na sadaki ne ko na cinikin goro ko guzurin Makka ne ya rage. A rubuta da boko ko da ajami, a ɗauki hoton gaba da baya, a sa takardar cikin gwangwanin. Masu unguwanni da limamai kuma, idan an zo rabon gado, a sa wannan a lissafi kamar yadda ake sa gida da tufafi.

Mutanen da muka ba ku labarinsu sun rabu lafiya. Yayar ta ɗauki nauyin kuɗin liyari uku a cikin rabonta, ƙannen suka yafe mata rabi. Kwabban kuwa aka raba wa jikoki ɗai-ɗai, kowanne a ambulan da sunan marigayiyar a bayansa, da rubutun hannunmu. Autan ya karɓi na 1936.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amana. Wassalam.