Kyautar ritaya: a daina kunyata wanda bai bayar ba

Duk ma'aikaci ya san wannan saƙo a WhatsApp: "Elhaji zai tafi ritaya, kowa ya kawo jikka biyar." Bayan kwana biyu sai a fito da jerin sunaye, kowa na ganin wanda ya biya da wanda bai biya ba.

Karo-karo ba baƙon abu ba ne a wurinmu, da shi muke biki da suna. Amma mafi ƙarancin albashi a Nijar tun 2024 jikka 42 ne. Jikka biyar kuɗin man mota ne ga darakta. Ga mai gadi ko ɗan kwantaragi kuwa cefanen kwanaki ne. Wasu har bashi suke ci don gudun tsegumi.

A ganina, a ajiye ambulan, kowa ya saka abin da ya sawwaƙa, ba suna, ba ƙayyade kuɗi. Walima da shadda kuma, ma'aikatar da ya yi wa hidima ta ɗauki nauyinsu.

In ana son karrama dattijo, a taimaka takardunsa su isa CNSS ko CARENI da wuri, kada ya yi watanni yana jiran fansho.