Tafiyarka ta farko ƙasar waje kai kaɗai: Abubuwa uku da ba a yi musu rowa

A makon nan za mu ɗan bar tsakar gida mu hau titi. Dalili kuwa, wani matashi da ya kammala hidimar ƙasa a Legas ya aiko da tambaya. Ya tara ɗan abin da ya tara daga alawus ɗinsa, yana so ya rataya jakar goyo ya je ya ga wata ƙasa shi kaɗai kafin ya shiga fafutukar neman aiki. Kuɗin ba su da yawa, mahaifiyarsa kuma ta kasa sakin jiki da maganar. Ta ina zai fara?

Amsar tasa ce, kuma taka ce kai mai karatu idan kana da irin wannan buri. Ƙarancin kuɗi ba ya hana tafiya. Za ka iya rage kuɗin masauki, ka ci abincin kasuwa, ka haƙura da tsaraba. Amma akwai abubuwa uku da ba a tsuke musu aljihu: lafiyarka, takardunka da kuɗin dawowarka. Duk wanda ka ji labarin ya maƙale a ƙasar mutane yana kwana a tasha ko a barandar masallaci, in ka bincika za ka tarar a ɗaya daga cikin ukun nan ya yi sakaci.

Fara da inda ƙafarka za ta kai

Tafiyar farko ba ta buƙatar jirgi ko biza. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka amince cewa ɗan kowace ƙasa a ƙungiyar zai iya shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Saboda haka hanyar da na fi ba ka shawara ita ce ta gaɓar teku: daga Legas ka bi ta Badagiri zuwa iyakar Seme, ka shiga Kwatano a Jamhuriyar Benin, ka wuce Lome a Togo, ka tsallaka iyakar Aflawo zuwa Akra, babban birnin Gana, wanda kakanninmu ke kira Ankara. Duka-duka tafiyar ba ta kai kilomita 500 ba, amma ƙasashe uku za ka gani.

Wani abin da ya sa hanyar ta dace da sabon matafiyi shi ne ba za ka rasa mai jin harshenka ba. Fataucin goro zuwa Gwanja da Salaga ya daɗe da kai Hausawa wannan yanki, har suka kafa zango-zango. Akwai unguwar Zango a Kwatano, akwai a Lome, a Akra kuma ga Nima da Mamobi da Sabon Zango. A nan za ka sami masallaci, da abincin da cikinka ya saba da shi, da dattijon da zai nuna maka hanya. A Benin da Togo Faransanci ake yi, don haka ka haddace gaisuwa da ƙidaya da yadda ake tambayar farashi. A Gana Turancinka zai wadatar.

Kwana goma sun isa. Ka yi biyu a Kwatano, ka ga garin Ganbiye da aka gina a kan ruwa. Ka yi biyu a Lome. Ka yi huɗu a Gana, ka ware yini guda ka je Elmina, gidan da Turawan Fotugal suka gina a 1482 wanda daga baya ya zama ma'ajiyar bayi kafin a loda su a jirgin ruwa. Sauran kwana biyun na hanya ne. Ka sani daga Afrilu zuwa Yuli ruwan sama ya fi yawa a gaɓar, kuma agogon Togo da Gana yana bayan namu da awa ɗaya.

Na farko: Lafiyarka

Za a nemi katin rigakafin zazzaɓin shawara, wato katin nan ruwan ɗorawa, a iyakokin da za ka ratsa. Sashen kula da lafiya a mashigan ƙasa na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ne ke bayar da shi. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10 da yin ta, don haka ka je tun ana saura wata guda. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa mutum har ƙarshen rayuwarsa. Idan kana da matsananciyar matsala da cin ƙwai, ko garkuwar jikinka ta yi rauni, ka faɗa wa ma'aikacin lafiya kafin ya taɓa ka. Haka ma mai juna biyu.

Za ka haɗu da masu ce maka ka kawo kuɗi kaɗan su ba ka katin ba tare da allura ba. Kada ka yarda. Sauron da ke yaɗa wannan cuta da rana yake cizo, kuma ba ya duba kati. Cutar ba ta da takamaiman magani, idan ta yi tsanani tana taɓa hanta da ƙoda, tana kuma kisa. Wanda ya sayi katin bogi kansa ya cuta, ba jami'in iyaka ba.

Idan kana da ciwon da kake shan magani kullum, kamar asma, ciwon sukari, hawan jini, farfaɗiya ko sikila, ka ga likitanka kafin ka sa ranar tashi. Ka ɗauki maganin da zai ishe ka har da ƙarin mako guda, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita. Mai sikila ya ƙara kula da shan ruwa, domin doguwar zama a mota cikin zafi da ƙishirwa suna iya tayar da ciwon. Kada ka rage shan ruwa don gudun fitsari a hanya.

A ƙaramar jakar magani ka sa farasitamol, filasta, sabulu, man korar sauro da ƙullin gishiri da sukari na gudawa guda biyar ko shida. Ka naɗe gidan sauronka ka tafi da shi, domin masauki mai araha ba kasafai yake da shi ba. Idan zazzaɓi ya kama ka, ka je a yi maka gwaji a ranar, kada ka ce sai ka dawo gida.

Abin da ya fi kayar da matafiyi shi ne ciki. Ka ci abin da aka sauke daga wuta a gabanka, a wurin da mutane suka yi layi. Ka guji ganyen da ba a dafa ba, da ƙanƙarar da ba ka san ruwanta ba, da 'ya'yan itacen da wani ya riga ya fere. Ruwa kuwa sai na gora ko na leda da ke rufe. A Gana za ka sami koko da ƙosai da safe, da waake, wato shinkafa da wake, da tuwon zafi, duk a farashin talaka. Idan gudawa ta same ka kuma ƙullinka ya ƙare, ka zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ka riƙa kurɓa. Idan ka ga jini a bahaya, ko zazzaɓi mai zafi, ko amai ya hana ka riƙe ruwa, asibiti za ka nufa.

Sai teku. Duk hanyar nan yana gefenka, kuma yana da ban sha'awa ga wanda ya tashi a tudu. Igiyar ruwan wannan gaɓa tana da ƙarfi, tana jan mutum ciki ko da ya iya iyon kogi. Ka tsaya a bakin yashi ka ɗauki hotonka. Idan za ka shiga kwalekwale ka nemi rigar kariya, idan za ka hau acaɓa, wanda a Kwatano ake kira zemijan, ka nemi hular kwano.

Na biyu: Takardunka

Kana buƙatar fasfo wanda ya rage masa aƙalla wata shida, ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS da Hukumar Shige da Fice ke bayarwa. Ka yi kwafi biyu na shafin hotonka da na katin allurar, ɗaya a ƙasan jaka, ɗaya a gida. Ka kuma ɗauke su a waya ka tura wa ɗan'uwanka.

Kafin ka isa Akra za a buga maka hatimi sau shida: na fita da na shiga a kowace iyaka cikin ukun. Ka duba da idonka cewa an buga kafin ka bar tagar. A bakin iyaka 'yan cuwa-cuwa za su kewaye ka, wani ya ce kawo fasfo ya taya ka, wani ya ce ya san hanyar daji da ba a biyan ko sisi. Fasfonka kada ya bar hannunka sai zuwa hannun jami'i a ofishinsa. Wanda ya shiga ta ɓarauniyar hanya ya zama baƙon haure a ƙasar da yake da ikon shiga ta ƙofa, kuma ranar fita zai biya ninkin abin da ya guda.

Ga wata magana mai wuyar faɗa a al'adarmu: kada ka karɓi saƙon kowa ka tsallaka da shi iyaka sai an buɗe shi a gabanka ka ga abin da ke ciki. Ko dattijo ne ya roƙe ka a tasha, ka ba shi haƙuri. Idan aka sami ƙwayoyi a jakarka, doka kai ta sani. Haka kuma duk wanda ka haɗu da shi a waya ya ce zai biya maka kuɗin mota ya sama maka aiki a can, ka yi nesa da shi. Da irin wannan alkawari masu safarar mutane ke kama matasa, su karɓe fasfo da waya.

Na uku: Kuɗin dawowa

Ka raba abin da kake da shi kashi huɗu. Kashi na farko, kuɗin mota daga inda za ka tsaya har ƙofar gidanku, da ƙarin rabinsa saboda tashin farashi. Wannan ka naɗe shi daban a aljihun ciki, ka ɗauka ba naka ba ne. Na biyu, kuɗin larura, na asibiti ko ɓatan waya, ka bar shi wurin wani amintacce a gida wanda zai iya turo maka. Na uku, kuɗin zuwa da takardu. Abin da ya rage ka raba shi da yawan kwanakin, shi ne cinka da kwananka na kullum. Idan lissafin bai kai kwana goma ba, ka mayar da su shida, ko ka tsaya a Lome. Daidai ruwa daidai tsaki. Kuma kada ka ci bashi don yawon buɗe ido.

Benin da Togo sefa ɗaya suke kashewa, Gana kuma sidi. Duk canjin da ka yi akwai ɗan abin da ke zubewa, don haka ka canza abin da kake buƙata kawai, ka ƙirga kafin ka miƙa naka. Kada ka dogara da katin banki shi kaɗai. Ka riƙe ƙananan kuɗi a aljihun waje domin kada ka fito da damin a bainar jama'a.

Babbar motar da ke tashi kai-tsaye daga Legas zuwa Akra ta fi tsada amma ta fi sauƙin iyaka. Hawa yanki-yanki a ƙananan motoci ya fi araha, kuma shi ke ba ka damar kwana a hanya. Kowanne ka zaɓa, ka yi sammako ka isa gari da sauran rana. Ka duba ɗaki kafin ka biya: ƙofa na kulluwa, akwai ruwa? Idan a zango aka sauke ka, ka riƙe ɗan abin hasafi, ka taya cefane, kada ka wuce kwana uku. Jakarka kuma kada ta fi wadda za ka iya tafiyar rabin awa da ita a baya: kaya kala uku, tawul, silifas, tocila, caja da mahaɗin soket mai ƙafa biyu zagayayyu, domin irinsa ake amfani da shi a Benin da Togo.

Maganar gida

Tsoron mahaifiya ba ƙauyanci ba ne, ta ji labaran waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Kada ka sulale ka tafi. Ka zauna da iyayenka ka nuna musu katin allura, da jerin garuruwan da za ka kwana, da ranar dawowa. Ku sa lokaci guda a kowace rana da za ka kira, ku kuma yi yarjejeniya cewa idan aka yi kwana biyu ba a ji ka ba, a tuntuɓi ofishin jakadancin Najeriya da ke Kwatano ko Lome ko Akra. Ka rubuta lambobin gida a takarda, domin waya na iya faɗuwa. A Gana lambar neman agajin gaggawa ita ce 112.

Ku kuma iyaye, idan yaro ya zo muku da shiri irin wannan a rubuce, ku duba shirin kafin ku ce a'a. Ku tambaye shi ina kuɗin dawowa, wa zai sauke shi, yaushe zai kira. Wanda aka hana ba tare da an saurare shi ba shi ne yake tafiya a ɓoye, ba kati, ba adireshi. Idan kuma bayan duk bayanin nan iyayenka suka ce ka dakata, ka dakata. Kwatano da Akra suna nan ba inda za su, kuma allurarka ba ta lalacewa.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya.