Jinjina ga matan da ke koya wa yarinya cewa a'a, amma da sauran aiki

Tun shekarar 2013 gwamnatin Nijar da hukumar UNFPA suka ƙaddamar da shirin Illimin Zaman Duniya. Ana tara 'yan mata masu shekara 10 zuwa 19, waɗanda ba su taɓa shiga lakwal ba ko suka fita da wuri, a damƙa su hannun wata mace 'yar garinsu mai ɗan karatu. Da littafin jagora a hannunta, takan koya musu karatu da lissafi, tsabtar jiki, abin da balaga ke zuwa da shi, da kuma maganar da ta fi kowace nauyi a bakin Bahaushiya: jikinki amana ce a hannunki, ba mai taɓa shi ko ya ɗaura masa aure sai da yardarki. Waɗannan mata nake wa jinjina yau, da malaman makaranta da ungozomomi da ke irin aikinsu ba tare da wani shiri ya san da zamansu ba. Sannunku da aiki, Allah Ya saka da alheri.

Wanda ya san Malbaza ya san dalilin wannan jinjina. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram ta nan ta ratsa. Ga kamfanin siminti, ga manyan motoci masu jiran lodi, ga albasar Galmi da ke jawo fatake daga nesa, ga iyakar Konni kusa. Duk arziki ne. Amma a tsakanin motocin nan yarinya 'yar shekara tara ke yawo da farantin talla har bayan magariba, kuma duk abin da aka gaya mata a gida shi ne kada ta dawo da saura. Ba a gaya mata me za ta yi in mai saye ya ce ta kawo masa cikin mota ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kuma kafin 15, dokar ƙasa ma 15 ta yanka wa mace alhali namiji 18.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Hadijatou Mani 'yar wannan yanki ce. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita a kan sefa 240,000 ta zama wahaya, wato baiwa sa-ɗaka. Bayan ta samu takardar 'yanci a 2005 ta auri mijin da ta zaɓa, sai tsohon ubangidanta ya kai ƙara cewa matarsa ce, har aka yanke mata wata shida a gidan kaso bisa laifin aure kan aure. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙasarta gaban kotun CEDEAO, wadda a ranar 27 ga Oktoba 2008 ta ce Nijar ta gaza kare ta, ta kuma umarci a biya ta sefa miliyan 10. Shekara tara ta yi a gidan nan kafin labari ya iske ta cewa tana da haƙƙin ƙi. Abin da matan da nake yabo ke yi shi ne su kai wa yarinya wannan labari tun kafin a zo ɗaukarta, kuma suna yi ne a garin da za a iya tare su a bakin rijiya a ce suna buɗe wa yara ido.

To, amma mako ɗaya zama ɗaya ne, shiri kuma yana da ranar ƙarewa. In aka watse, littafin yana komawa jakar malama, yarinya ta koma gidan da ba wanda ya ji abin da ta ji. Nan ne aikin da ya rage: littafin da zai kwana a ɗakin uwa, da Hausa, da boko da ajami, mai hotuna da suturar mutanenmu, wanda kuɗinsa bai fi na sabulu ba. A ƙasashen Turai da Amurka irin waɗannan littattafan yara sun yi yawa, sai dai fassara su kai tsaye ba zai kai mu ko'ina ba, don yaron da ke cikinsu ba ya talla, ba a aikensa ɗakin samari karɓo canji, ba a kuma ce masa wane kawunka ne, kada ka yi masa musu. Marubutan Hausa sun nuna ana iyawa. Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita ma aka aurar tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a kan auren dole, matan Kano da na Maraɗi suka karanta. Amma littafin manya ne. Na 'yar shekara bakwai shi muke jira.

Na san abin da za a tuna mini. A 2014 an shigar da darasin lafiyar haihuwa a makarantun sakandare, ƙungiyoyin addinin Musulunci suka ce ya saɓa wa tarbiyyarmu, gwamnati ta janye shi. Ba zan ce malamai ba su da hujjar tsayawa su duba abin da ake koya wa 'ya'yansu ba; haƙƙinsu ne. Sai dai, Allah gafarta malam, wanda ya ce wannan bai yi ba, shi ya kamata ya kawo wanda ya yi. Kayan aikin ma suna cikin zaurenku. Ku kuka karantar da mu cewa ba a aurar da budurwa sai an nemi izininta, ku kuka ba mu labarin Khansa'u 'yar Khizam wadda mahaifinta ya aurar ba da sonta ba, Manzon Allah (SAW) ya warware auren. Ku kuka koya mana raba wa yara shimfiɗa, da sallama kafin shiga ɗaki, da abin da ake kira al'aura. Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar nan tamu a 1754, ya yi wa malaman zamaninsa faɗa a kan barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura mata masu karantarwa, waɗanda ake kira jaji, ƙauye-ƙauye da waƙoƙin karantarwa cikin harshen da mata ke ji. Littafin da malamin Konni da ungozomar Galmi da malamar lakwal suka zauna suka rubuta tare, ban ga uban da zai hana shi shiga gidansa ba.

Wuri ɗaya dai nake roƙon a yi masa bayani dalla-dalla, wato maganar shiru. An ɗauki shirun budurwa yarda ne saboda kunya, amma akwai shirun kunya, akwai na tsoro, kuma kowace uwa ta san bambancinsu in tana so ta sani. Yarinyar da ta daina cin abinci, take kuka a bayan ɗaki, ta gudu gidan gwaggo sau biyu, ta riga ta ba da amsa.

Sannan maza. Yawancin ƙoƙarin da ake yi a kan 'yan mata yake ƙarewa, kamar su kaɗai ke da jiki. Yaro ma ana cin zarafinsa, musamman wanda ke kwana nesa da iyayensa, kuma kunyar faɗa ta fi yi masa katutu. Shi ne kuma gobe zai zama saurayi, ya zama miji, ya zama waliyyi. In bai koya tun yana ƙarami cewa a'ar ƙanwarsa a'a ce ba, da wuya ya koya a ranar ɗaurin aure. Makarantar mazaje da aka fara a Damagaram ta nuna magidanta na sauraro in 'yan'uwansu suka yi musu magana; samari ma a buɗa musu irin wannan zaure, a ba su nasu littafin.

Shafin ƙarshe na kowane littafi kuwa ya gaya wa yaro wurin wa zai je. In ya faɗa wa inna ta ce rufa mana asiri, sai wa? Ma'aikatar kare yara, mai gari, shugabar makaranta, likita: a rubuta su, a kuma tabbatar in ya je za a saurare shi. Dokar da aka sa wa hannu a Disamba 2017 don kare yarinya 'yar makaranta tana nan a takarda. Hukumomin Malbaza da Konni da Illela su sa a juya ta da Hausa, a karanta ta a gidajen rediyon karkara ranar kasuwa, kamfanin siminti kuma, da yake motocinsa na cikin abin da ke tara jama'a a bakin hanya, ya ɗauki nauyin bugun farko na littafin a raba wa makarantun boko da na allo.