Ci-ranin Damargu da maganar takarda

Sanin kowa ne cewa da zarar an gama yankan gero, an ɗaure dammuna an kai rumbu, ƙauyukan Damargu sukan fara raguwa da samari. Daga Falanko, Gangara, Olelewa da Tarka, kowa yakan nufi inda yake da ɗan gari. Wasu su yi kudu, Kano ko Legas. Wasu kuwa su bi hanyar Tanut zuwa Agadas, su jira ayarin motocin da ke ratsa Dirku da Madama har ya faɗa Gatrun da Sabha a ƙasar Libiya. Kafin tashi akan yi lissafin kome: kuɗin mota, guzuri, jarkar ruwa, rawanin tare ƙura, da abin da za a bar wa iyali. Abu guda ne ba a cika sa shi cikin lissafi ba, shi ne takardar da za ta ba mutum izinin zama da yin aiki a inda ya dosa.

A da can, Damargu ake zuwa nema. Rumbun hatsi ce, wadda ayarin Abzinawa ke saukowa su auna gero a cikinta, kuma ta nan fataken Tarabulus ke ratsawa da hajarsu zuwa Damagaram da Kano. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta karya wancan fatauci na hamada, sannan farin 1973 da na 1984 suka cinye dabbobi suka gajiyar da gonaki. Tun daga nan kan hanya ya juya: hanyar da raƙuma ke kawo kaya daga arewa, ita ce motoci ke kai ƙarfin samari arewa. Karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994 ta ƙara wa tafiyar armashi, domin duk abin da aka samo a waje ya ƙara nauyi a kasuwar gida.

Aiki kam akwai shi a Libiya, ba a musu. Lambunan Sabha da Ubari suna son mai ban ruwa, masu gini suna son lebura, masu tumaki suna son makiyayi, kuma Bahaushen Damargu ya iya duka ukun. Shekaru da dama, a ƙidayar Hukumar Ƙaura ta Duniya, wato OIM, ƴan Nijar ne suka fi kowace ƙasa yawa cikin baƙin da ke Libiya. Sai dai zaman nasu bai taɓa tsayawa bisa doka mai ƙarfi ba, ya dogara ne ga ra'ayin mai mulki. Lokacin da Kanar Gaddafi ya juyo da fuskarsa Afirka ya kafa ƙungiyar CEN-SAD a 1998, an buɗe ƙofa. A watan Satumban 2000 aka far wa baƙaƙen fata a garin Zawiya. A 2007 aka maido da biza. A 2010 aka yi doka mai lamba 19 wadda ta tanadi ɗauri da tara da kora ga wanda ya shiga ƙasar ba bisa ƙa'ida ba. Da yaƙi ya ɓarke a 2011, dubun dubatar ƴan Nijar suka dawo, da yawansu hannu rabbana, kuma yankin Tanut yana cikin waɗanda suka fi jin nauyin wannan dawowa, domin kuɗin da ake aikowa ya yanke, bakin da za a ciyar kuma ya ƙaru.

Illar rashin takarda ba a bakin iyaka kaɗai take ba. Ta fi tsanani ranar biya. Wanda ya yi wata biyar yana ban ruwa, mai lambu ya ce babu, ba shi da inda zai kai ƙara, domin ofishin da zai shiga neman hakkinsa shi ne zai fara tambayarsa yadda aka yi ya shigo. Ko da an biya shi, ba shi da damar ajiya a banki, sai ya ɓoye kuɗinsa a ɗaki, ɓarayi kuwa sun san da haka.

To, a irin waɗannan wuraren gini na Libiya, ɗan Falanko yakan tarar da wani lebura ɗan'uwansa Musulmi wanda ya fito daga nesa ƙwarai, mutumin Bangaladesh. Ƙaddara takan haɗa su har wajen mutuwa: a watan Mayun 2020, a garin Mizda, an kashe baƙi 30 a maɓoyar masu safarar mutane, 26 daga cikinsu ƴan Bangaladesh, sauran huɗun ƴan Afirka. Labarin waɗannan mutane ya cancanci mai karatu ya tsaya a kansa, domin su suna da abin da ɗan Damargu ya rasa, wato takarda, amma duk da haka ba su tsira ba.

Bangaladesh ta mai da fitar da ma'aikata sana'ar ƙasa. Tun 1976 take da hukuma ta musamman, BMET, mai tantance duk wanda zai fita aiki, tana da dokar 2013 a kan aikin waje, tana da kamfanonin ɗaukar ma'aikata masu lasisi, kuma abin da ƴaƴanta ke aikowa gida a shekara ya haura dalar Amurka biliyan 20. Amma baƙauye ba ya isa ga kamfanin da ke Daka, babban birnin ƙasar, sai ta hannun wani ɗan tsakani da suke kira dalal. Kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnen ɗan kasuwa: ita ce dillali, daga Larabci ɗaya suka fito, kuma la'adar iri ɗaya ce, sai dai tasu ta fi kauri.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne Maldib, wata ƴar ƙasa ta tsibirai a tekun Indiya, kudu maso yamma da Siri Lanka. Ƙidayar 2022 ta samu mutum dubu 500 da ƴan kai a cikinta, kusan kashi ɗaya cikin huɗu baƙi ne, kuma ƴan Bangaladesh ne suka fi yawa a cikin baƙin. Su ne magina otal-otal ɗin da Turawa ke zuwa shaƙatawa, su ne masu dako da shara da wanke-wanke. Tsarin kuwa haka yake: gwamnati tana ba kamfani adadin baƙin da zai iya shigowa da su, izinin aiki kuma yana fita ne da sunan kamfanin. Sai wasu suka gane cewa adadin kansa haja ne. Mutum ya buɗe kamfani a takarda, ba shi da ko bulo ɗaya da zai aza, ya karɓi izinin mutum hamsin, ya sayar wa dillalai. Rahotannin ma'aikatar harkokin wajen Amurka sun nuna lebura kan biya har dalar Amurka 4,000, wato sama da miliyan 2 na sefa, mafi yawa bashi ne ko kuɗin gonar da aka sayar. Ya sauka birnin Male da bizarsa ta gaskiya, a karɓe fasfonsa, ya tarar babu aikin. Ranar da ya fita neman wani aikin domin ya ci abinci, ranar ya zama marar takarda, daidai da wanda ya ratso hamada a bayan mota.

A 2019 hukumomin ƙasar suka ƙiyasta baƙi marasa takarda sun kai kimanin 63,000. A watan Satumba na shekarar aka dakatar da shigo da sababbin leburori daga Bangaladesh. A Disambar 2023 aka ɗage. A 2024 aka sake tsayarwa bayan an gano takardun bogi, aka kuma shiga ɗaukar hoton yatsun baƙi. Mafi ƙarancin albashin da aka fara aiki da shi a 2022 bai haɗa da baƙi ba. Kowane buɗewa da rufewa kuwa yana samun wani talaka da ya riga ya biya dillali yana zaman jira, bashi yana haihuwa.

Wannan ya shafi Damargu kai tsaye, domin a ƙarshen watan Nuwamban 2021 Nijar da Libiya sun sa hannu a Yamai kan wata yarjejeniya ta tsara shigar ma'aikata da ba su bizar aiki kafin su tashi. Niyya ce mai kyau, kuma ta daɗe da cancanta. Amma akwai abu biyu da bai kamata a manta ba. Gwamnatin Tarabulus ce ta sa hannu, alhali Sabha da kudancin ƙasar, inda akasarin ƴan Damargu ke tsayawa, suna hannun dakarun Halifa Haftar tun 2019. Sannan yarjejeniya tsakanin ministoci ba biza ba ce a aljihun kowa: a watan Janairun 2025 an koro ƴan Nijar sama da 600 a ayari ɗaya zuwa Dirku. Duk ranar da bizar aiki ta zama abin da ake samu, za ta zama abin da ake sayarwa, kuma idan aka ɗaure ta da sunan mai gida ɗaya kamar yadda aka yi a Maldib, to an canza wa lebura sarƙa ne kawai.

Ta ɓangaren Aljeriya ma labarin bai fi haka daɗi ba. Bayan mutum 92, galibinsu mata da yara daga yankin Kance, sun mutu da ƙishirwa kusa da iyaka a Oktoban 2013, ƙasashen biyu suka fara jigilar maido da mutane a Disambar 2014. A 2024 kaɗai, ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000 da aka koro ta Asamaka. Soke dokar 2015 mai hana safarar baƙi, da gwamnatin Nijar ta yi a Nuwamban 2023, ya sauƙaƙa wa direban Agadas. Bai ƙara wa fasinjansa wani hakki a ƙetaren iyaka ba.

Ƴan kasuwa suna da hannu a wannan al'amari fiye da yadda suke zato, domin sau da yawa su ne ke ranta kuɗin tafiya, ko su sayi ragon da aka sayar dominta, kuma ta shagunansu kuɗin ci-rani ke dawowa. Idan yaro ya zo da maganar wani da ya yi masa alkawarin biza ta waya, akwai abin da ya kamata alhaji ya tambaya kafin ya buɗe jaka: sunan kamfanin da garin da yake, ko bizar ta aiki ce ko ta ziyara, nawa ne albashi a rubuce, wa zai riƙe fasfo, wa zai biya kuɗin dawowa. Bambancin bizar aiki da ta ziyara shi ne inda aka fi cutar mutane. A Maldib ɗin nan, ta ziyara kyauta ake buga ta a filin jirgi, ta kwana 30, kuma ba ta halatta aiki ko na yini ɗaya.

Ma'aikatan gwamnati kuwa, nasu aikin ya riga na ministoci. Babu biza sai da fasfo, babu fasfo sai da takardar ɗan ƙasa, ita kuma sai da takardar haihuwa, ko hukuncin alƙali da ke maye gurbinta. Samari da yawa a karkarar Tanut da Balbeji an haife su ne a gida, ba a rubuta su a ko'ina ba, kuma lokacin da suka fi samuwa a ƙauye shi ne damina, daga shuka zuwa girbi. Idan ma'aikatar magajin garin Falanko da alƙalan Tanut za su shirya zaman ba da takardu ƙauye-ƙauye, to a cikin waɗannan watanni ya kamata a yi shi, kafin motocin kaka su tashi.