Sharhi: A Daina Katse Wa Masu Magana Da Na'ura Waya

Yawancin ma'aikatan da ke amsa waya a bankuna da kamfanoni suna da ɗabi'a guda: da zarar sun ji shiru na ɗan lokaci, sannan wata murya irin ta inji ta soma magana, sai su katse, a zatonsu talla ce ko 'yan damfara. Alhali kuwa wani lokaci abokin ciniki ne, wanda shanyewar ɓarin jiki ko aikin tiyata a maƙogwaro ya raba shi da muryarsa, yake rubuta bukatarsa a na'ura, ita kuma tana furta masa.

Wannan fasaha ba sabuwa ba ce. Masanin kimiyya ɗan Ingila, Stephen Hawking, ya rasa muryarsa a shekarar 1985, kuma da irin wannan na'ura ya ci gaba da gabatar da lacca har rasuwarsa a 2018. A shekarar 2023 kamfanin Apple ya saka wa wayoyinsa tsarin da mutum zai rubuta magana, wayar ta furta wa wanda ake kira.

Inda gizo ke saƙar shi ne, rubutu ba ya saurin baki. Kafin mai kira ya kammala jimla ɗaya, ma'aikaci ya ƙosa, ko kuwa injin amsa kira ya yanke layin. Ta haka ɗan kasuwar da aka toshe wa asusu zai kwana da kuɗinsa a kulle.

A Amurka, dokar kare naƙasassu ta 1990 ta wajabta samar da ma'aikata masu shiga tsakani, waɗanda ke isar da saƙon mai kira, kuma tun 2001 lamba 711 ke haɗa mutum da su. A nan Nijeriya an sanya hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a watan Janairun 2019, saboda haka ya dace Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi nazarin kafa irin wannan tsari.

Kafin nan, akwai gyaran da ba ya cin kuɗi. Bankuna su umarci ma'aikatansu su jira aƙalla minti guda kafin su katse, su riƙa yin tambaya ɗaya-ɗaya, su kuma amince da muryar na'ura muddin mai kira ya amsa tambayoyin tantancewa daidai. Wanda aka katse wa waya sau biyu, asusunsa zai kwashe ya kai inda ake sauraronsa.