Ku Bar wa Bawan Allah Fuskarsa

Ba na tare da masu yaɗa guntun tsohon fim ɗin nan na garin Ruleville, a jihar Misisifi ta Amurka, suna rantsuwa wai Robert Johnson ne ke kaɗa jita. Johnson ya rasu a 1938. A bayan makaɗin kuwa ga fostar fim ɗin Blues in the Night, wanda bai fito ba sai 1941. Mamaci ne ya dawo kiɗa?

Abin da ya fi ƙona min rai, makaɗin da ke cikin fim ɗin mutum ne mai nasa suna, amma an ƙwace fuskarsa an ba shahararre. Johnson ya bar waƙoƙi 29, sun ishe shi. Ku bar wa bawan Allah 'yan daƙiƙoƙinsa.