A Fara Sanin Aiki A Gida Kafin A Ƙetare Teku

A 'yan shekarun nan wata magana ta yawaita a bakin ɗalibanmu da iyayensu, tun daga Lambara da Shagari har Boɗinga, cewa yaro ba zai gane sana'ar da ta dace da shi ba sai ya goge da Turanci a jami'a, sa'an nan ya sami damar zuwa wata ƙasa ya yi 'yan watanni yana koyon aiki a wani kamfani ko asibiti. Maganar ba ta rasa gaskiya ba, kuma ba na cikin masu hana yaro ganin duniya. Amma a ganina an juya al'amarin, an ɗauki abin da ya kamata ya zo daga baya an mai da shi mafari, domin tafiya takan ƙarfafa alƙiblar da mutum ya riga ya fuskanta ne, da wuya ta samar wa wanda ya fita ba shi da ita.

Rihla don neman ilimi gadonmu ce a wannan ƙasa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, yayin da ƙanensa Malam Abdullahi yake zaune a Boɗinga, ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, amma bai yi wannan tafiya ba sai bayan da ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa, ya kuma karanta nahawu da fiƙihu a wurin malaman danginsa, ya san ilimin da yake bukata da kuma malamin da ke riƙe da shi. Haka al'amarin yake ga mutanen zamanin boko na farko. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shafe fiye da shekara goma yana koyarwa a Midil ta Bauchi kafin a tura shi Landan a 1945. Malam Aminu Kano ya bi bayansa a 1946, shi ma daga cikin aji ya tashi, shi ne kuma ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa. Malam Abubakar Gumi ya tafi Bahtar Ruda ta ƙasar Sudan a 1954 yana malami cikakke. Kowannensu ya fita da tambayoyin da aiki ya riga ya cusa masa a zuciya, shi ya sa ɗan zaman da suka yi a can ya yi albarkar da ta wuce tsawonsa. Alhaji Shehu Shagari ma, wanda aka haifa a wannan yanki a 1925, a gaban allo ya gane baiwarsa, har ya tsara Waƙar Nijeriya da Hausa don yara su san ƙasarsu.

Game da Turanci kuwa, wajibi ne mu faɗa wa kanmu gaskiya. Da shi ake karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo tun kafa ta a 1975, da shi ake yi a Jami'ar Jihar Sakkwato, kuma ba a ɗaukar ɗalibi sai da kiredit a cikinsa. Saboda haka yaron Lambara ba ya bukatar jirgin sama kafin ya yi karatu da Turanci. Abin da yake bukata shi ne malamin firamare da na sakandare da suka iya harshen da kansu, don kada ya isa jami'a yana haddace takardun lacca kamar yadda ake haddace matani ba tare da sharhi ba. Ɗalibin da ya kasa tashi a aji ya yi tambaya saboda tsoron kada harshensa ya karye a yi masa dariya, in aka kai shi Indiya ko Malesiya shirun nan zai ɗauka ya tafi da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke wulaƙanta horon sanin makamar aiki da ke hannunmu. Tun 1973 Asusun ITF ya ƙirƙiro shirin SIWES, wanda a kwasa-kwasai da dama yake ba ɗalibin jami'a wata shida a wurin aiki na haƙiƙa. To, me muke yi da shi? Na ga ɗalibin aikin gona da aka tura wani ofishi, aka ba shi benci kusa da masinja, ya wuni yana latsa waya, ranar da wa'adi ya cika ya zauna a gindin dalbejiya da biro biyu masu launi daban-daban, yana cike littafin rahoton mako-mako gaba ɗaya don a zaci a lokuta dabam ya rubuta, aka buga masa hatimi ya tafi. Alhali kuwa ga madatsar ruwan Shagari da ta Goronyo, ga fadamun da ake noman albasa da shinkafa, ga masana'antar siminti a Kalambaina, ga cibiyar binciken makamashi da tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Da yaron nan ya yi wata shidan tare da masu noman rani, ya ga yadda albasa ke ruɓewa a rumbu kafin farashi ya tashi, ya ji abin da manomi ke kashewa a man injin ban ruwa, ya taɓa akuyar da ciwo ya kama, da ya dawo aji ya san ko wannan hanya tasa ce ko ba tasa ba ce, kuma ko wanne ya gano riba ce.

A nan ne fita waje take da muhalli. Gwamnatocin jihohinmu sun kashe dukiya mai yawa wajen tura ɗalibai karatun shekara huɗu zuwa shida, kuma mun ga halin da iyaye suka shiga a 2022 da yaƙi ya tashi a Yukren, da kuma 2023 da aka kwaso 'ya'yanmu daga Hartum ta kan iyakar Masar, karatun da yawansu ya katse a tsakiya. Shawarata ga hukumar ba da tallafin karatu ta Jihar Sakkwato ita ce ta ware wani kaso na wannan kuɗi don gajeruwar tafiya ta wata uku zuwa shida, a zaɓi waɗanda suka yi horonsu na gida da gaske bisa shaidar wanda ya kula da su a wurin aikin, a tura mai sha'awar ban ruwa Masar, mai sha'awar jimar fata Maroko, mai sha'awar adana albasa Indiya, ko ma nan kusa Galmi ta Jamhuriyar Nijar, wadda irin albasarta ya yi suna a Afirka ta Yamma. A kuma gindaya sharaɗin cewa wanda ya dawo zai yi shekara guda a ƙaramar hukumarsa, Shagari ko Boɗinga ko wata, yana koya wa manoma da 'yan sakandare abin da ya gano, da Hausa.